Dogon Legas Zuwa Kano: A Fara Da Kaya

Tun da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, dakon kaya ne ya riƙe shi: gyaɗa, auduga da fatu su gangara bakin teku, gishiri da yadi su hauro Arewa. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna na 2016 da na Legas zuwa Ibadan na 2021 abin yabo ne, amma fasinja aka fi sa wa a gaba. A ganina an juya lissafin, domin kuɗin tikiti kaɗai da wuya ya biya bashin shimfiɗa dogo. Kamata ya yi Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta fifita taragon kaya zuwa Kano. Ɗan kasuwar Kantin Kwari har yau tirela yake jira daga Apapa, ya biya tsadar dizal, sannan ya ɗora wa mai saye.