Ba kowane ciwon gaɓoɓi ne sanyi ba

Shekara uku wata 'yar uwata a ƙasar Tondikandiya tana fama da kumburin yatsu. Da safe ko taɓarya ba ta iya riƙewa sai hantsi ya ɗaga. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce sammu. Ranar kasuwa kuma a sayo mata deksa wajen masu tallar magani, ta samu sauƙin 'yan kwanaki, fuska ta ciko, ciwo ya dawo. Sai da aka kai ta Yamai aka auna jininta, sannan likita ya ce garkuwar jikinta ce ke cin gaɓoɓinta. Lokacin yatsu biyu sun riga sun karkace.

Irin waɗannan cututtuka suna da yawa. Sojojin jiki da ya kamata su yaƙi ƙwayoyin cuta su ne ke juyowa kan mai jikin. A wajen wata gaɓoɓi suke kamawa, a wajen wata kuma fata da ƙoda, kamar cutar lufus, wadda tara cikin goma na masu ita mata ne.

A ƙasashen waje an yi nisa. A 2021, likitocin Erlangen a Jamus sun ɗebi ƙwayoyin garkuwar wata matashiya mai lufus, suka sauya musu aiki, suka mayar mata, cutar ta kwanta. A 2025 kuma kyautar Nobel ta fannin likitanci ta tafi ga masu bincike uku, ciki har da Shimon Sakaguchi na Japan, saboda gano yadda jiki ke hana garkuwarsa kai masa hari. Abin murna ne, amma kada mu ruɗi kanmu: wannan magani ba zai iso Damana gobe ba.

A ganina, abin da muka rasa a Kurfai ba sabon magani ba ne, gane cutar ne. Tsofaffin magunguna suna aiki. Hydroxychloroquine ɗan uwan nibakin ne da muka sha muna yara, shi ne ginshiƙin maganin lufus. Methotrexate na hana gaɓoɓi lalacewa idan an fara da wuri, sai dai sau ɗaya ake shan sa a mako, kuma mai ciki ba ta shan sa. Shi ya sa ba maganin saye a tire ba ne.

Malamin asibitin ƙauye ba ya buƙatar na'ura kafin ya yi zargi. Yatsun hannu biyu sun kumbura fiye da mako shida, jiki na sandarewa da safe, ko zazzaɓi ya ƙi tafiya alhali awon maleriya bai nuna komai ba, ga zubewar gashi da gyambon baki: wannan ta Filinge ce, daga can Yamai. Tsinken awon fitsari da ake yi wa masu ciki ma yana iya nuna ƙoda ta fara taɓuwa. Me zai hana ma'aikatar lafiya ta sa wannan cikin horon ma'aikatanta?

Ku kuma 'yan uwa da ke Kwatano, Akara ko Legas, in an bugo waya an ce inna ba ta iya daka, kafin ku turo kuɗin ƙwaya ku tambaya: tun yaushe, kuma wa ya duba ta? Na san hanya ba daɗi a wannan yanayi na rashin tsaro, kuɗin mota ma ba kaɗan ba ne. 'Yar uwata dai yanzu tana daka geronta, amma yatsun nan biyu ba su miƙe ba.