Tarin da ya wuce mako biyu ba na kantin magani ba ne

Duk wanda ke cin kasuwa daga Fulatari zuwa Maine-Sorowa har garin Difa ya san tari ba baƙonmu ba ne. Ƙurar tattasai na shaƙe mu, hayaƙin bandar kifi na bi mana ƙirji, ga hunturu. Sabo ya sa ko mutum ya yi wata yana tari, sai mu sayo masa ƙwaya, a koma rumfa. A nan muke cutar kanmu.

Akwai ciwon da ke matse maƙogwaron iska, wato bututun da ke kai numfashi huhu. Tarin tibi kan bar tabo a cikinsa, tabon ya tsuke hanya. Ƙari ko maƙoƙo kan danne shi daga waje. Haka wanda ya daɗe da robar numfashi a asibiti. Mai wannan lalura numfashinsa na fita da ƙara, yana haki ko da ɗan tafiya, kuma sau da yawa a kan ɗauka fuka ce, a yi ta shan maganin da ba ya aiki.

Likitoci na da dabara. A 1965 wani likitan Amurka, William Montgomery, ya fito da bututun da ke riƙe maƙogwaro a buɗe. A 1990 kuma Jean-François Dumon na birnin Marsai a Faransa ya bayyana wani ɗan bututun roba mai laushi da ake zurawa ta baki, a ajiye shi daidai inda hanya ta tsuke, kamar yadda ake tokare bakin rijiya kada ya rufta. Yau har da na ƙarfe mai kama da raga.

To amma jama'a, wannan aikin manyan asibitoci ne, kuma ba a sawa a manta. Bututun kan goce, majina kan toshe shi, tsoka kan tsiro a bakinsa, don haka dole a riƙa komawa ana dubawa. Tsakanin Difa da Yamai ya haura kilomita 1,300. Mai sayar da kifi ko tattasai, sau nawa jarinta zai ɗauki wannan tafiya? Sannan bututun ba ya gyara huhun da hayaƙi ya riga ya cinye.

Shi ya sa muke ganin maganinmu na kusa shi ne sammako. Tarin da ya kai mako biyu, a je a gwada majina. Maganin tibi kyauta ne a Nijar, wata 6 ake sha, kuma kada a yanke don an ji sauƙi. Wanda ya gama magani amma numfashi na ƙara ƙunci, ya koma wurin likita. Masu banda su riƙa aiki a sarari, masu niƙan tattasai su rufe hanci da baki.

Muna kira ga shugabannin kasuwa da iyayen adashi su ware wani abu don kuɗin motar mara lafiya. Hukumomi kuma su ƙarfafa asibitin jihar Difa da ƙwararrun likitocin ƙirji da na'urar leƙa maƙogwaro, domin a gane ciwo tun kafin hanya ta rufe. Bahaushe ya ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.