Kishiyar Tele Ba Ita Ce Ta Gidanmu Ba



Kada mu ɓoye, yawancinmu nan Maraɗi da an sallame isha'i, in dai akwai kuran, gaban tele muke tarewa. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, mu kuwa tun muna ƙanana muke kallon Daɗin Kowa. Mun so shi ne don ya yi kama da mu: ga Kamaye da Adama da rigimarsu ta talauci, ga Malam Nata'ala da almajiransa. Sai ka ji an ce, wallahi kamar unguwarmu!

To, a nan hatsarin yake. Wasan Indiya da ake fassarawa, kowa ya san shiri ne: mace ta kwana da gwal a wuya, wanda aka ce ya mutu ya dawo. Ba mai ɗaukarsa gaskiya. Wanda ya yi kama da mu shi ke shiga zuciya ba sallama.

Wasa mai dogon zango yana da dokokinsa. Dole a yanke shi daidai inda hankali ya tashi, don mu dawo mako mai zuwa. Dole rigima ta haifi rigima, domin ran da kowa ya shirya, wasa ya ƙare. Shi ya sa a yawancin waɗannan wasanni kishiya makira ce, uwar miji sai zuga, kullum da mai laɓe bayan ƙofa. Kishiyoyin da suka shekara ashirin suna cin tuwo kwano ɗaya, wa zai yi fim da su? Alhali mun san su, wasunmu ma su suka rene mu.

Bana mahaifin wata ƙawarmu ya ƙara aure. Amarya ba ta ko tare ba, ƙawar tamu ta ce ta san da asiri za ta zo. Muka ce, wa ya faɗa miki? Ta ce, ai haka suke yi. A ina ta gani? A tele. Wata uku ba ta ci abincin baiwar Allah nan ba. Kuma mun san aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hane mu yawan zato.

Ba mu ce a kashe tele ba, mu ma ba za mu iya ba. Amma in shiri ya ƙare, mu tambayi ƙannenmu: a gidan nan kun taɓa ganin haka? Mutanen gidanmu mu yi masu hukunci da abin da suka aikata, ba da abin da marubucin fim ya shirya ba.

Allah Ya sa mu dace.