Tufafin Mutanen Ƙauye A Jikin Attajirai

A cikin shekara ta 2023 wani yayi ya yi ƙarfi tsakanin manyan masu kuɗi na Turai da Amurka, wanda suke kira ƙasaita marar hayaniya. Watau mutum ya sa tufa mai tsadar gaske, amma babu sunan kamfani a ƙirjinta, babu ƙyalƙyali, launinta toka-toka ko ƙasa-ƙasa, sai wanda ya san kaya ne zai gane kuɗin da aka kashe. Wannan ba zai ba masu karatunmu mamaki ba, gama ko a nan da nagartar saƙi ake gane rigar dattijo. Abin lura shi ne inda aka samo tufafin. Da yawa daga cikinsu na makiyaya ne, da masunta, da manoma.

Ga misali rigar ruwa ta Barbour. John Barbour ya kafa cinikinsa a garin South Shields na Ingila a 1894, yana sayar wa masunta da ma'aikatan jirgin ruwa riguna shafaffu da mai, don kada ruwa ya ratsa su. Daga baya manoma suka ɗauka, har Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta riƙa sa ta in ta fita ƙauye. Yau ga ta a jikin 'yan birni waɗanda ba su taɓa kama akalar doki ba.

To, in tufar talaka ta yi daraja, wa ke cin ribar? Amsa ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

A yammacin Sikotilan akwai tsibirai da ake kira Outer Hebrides, inda ake saƙa wani ulu mai kauri, Harris Tweed. Da can mutanen wurin don kansu suke saƙa shi, saboda sanyi da iska. Da masu sarauta suka so shi a ƙarni na 19, sai 'yan kwaikwayo suka taso, har ya zama dole a yi masa hatimi, wanda aka fara bugawa a kan yadi a 1911. A 1993 Majalisar Dokokin Birtaniya ta yi masa doka tasa ta kansa. Bisa ga dokar, ba a kiran yadi da wannan suna sai ya kasance na ulu tsantsa, an rina shi an kaɗa shi a tsibiran, kuma mutanen tsibiran ne suka saƙa shi da hannu a gidajensu. Akwai hukuma mai duba yadin kafin ta buga hatimi.

Kada a zaci dokar nan ta mai da masaƙa attajirai. Ba ta yi ba. Ba ta kuma hana kasuwa faɗuwa ba: a 1966 an saƙa yadi fiye da miliyan 7, amma wajen 2009 abin da aka saƙa bai kai ko miliyan ɗaya ba. Amfaninta guda ne, babba kuwa. Da kasuwa ta farfaɗo, babu wanda ya isa ya kwashe aikin ya kai wata ƙasa mai arahar lada, sa'an nan ya riƙe sunan. Duk attajirin da ke son yadin, tilas kuɗinsa su bi ta ƙofar masaƙi.

Sai mu dubi ɗaya gefen. Kamfanin Loro Piana na Italiya yana cikin waɗanda wannan yayi ya fi ɗaukakawa; a 2013 kamfanin LVMH na Faransa ya sayi kashi 80 cikin 100 nasa a kan Yuro biliyan 2. Mafi tsadar kayansa da gashin vicuña ake yi, wata dabba dangin raƙumi, ƙarama, marar tozo, wadda ke zaune a duwatsun Peru. Mutanen ƙauye ne ke tattaro dabbobin a yi musu sausaya. A 2024 kamfanin labarai na Bloomberg ya ba da rahoto cewa rigar sanyi da ake sayarwa wajen dala 9,000, jama'ar Lucanas wajen dala 280 suke samu a kan gashin da aka yi ta da shi. Kamfanin ya kare kansa. Amma kuma a watan Yuli na 2025 wata kotu a Milan ta sa shi ƙarƙashin kulawar shari'a, domin ya kasa sa ido kan 'yan kwangilar ɗinki waɗanda aka samu suna zaluntar ma'aikata.

A ganinmu bambancin bai taso daga halin masu saye ba, gama mai sayen ulun Sikotilan shi ne mai sayen gashin Peru. Mutumin Lucanas ɗanyen gashi yake sayarwa, kaɗi da saƙa da suna duk suna Italiya. Mutumin Harris kuwa sunan na tsibirinsa ne, doka ta ɗaure shi da masaƙarsa, kuma akwai hukumar da ke da ikon kai ƙarar wanda ya sace shi.