Buƙatar Manhajar Tsara Al'amura a Allon Intanet na Hannu

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ga wani al'amari da ake yi wa kallon ƙarami, alhali kuwa ya shafi yadda mutum ke tafiyar da yininsa, da yadda yake cika alkawarin da ya ɗauka. Al'amarin shi ne buƙatar da ke akwai ga kowane allon intanet na hannu, wato ƙaramar kwamfutar nan mai fuskar gilashi wadda ake riƙewa a tafi a dangwala, ya zo da ingantacciyar manhajar tsara al'amura tun daga masana'anta. Abin da nake nufi da wannan manhaja shi ne haɗakar abubuwa huɗu: kalanda mai tunatarwa, da littafin adireshi, da jerin ayyukan da ke jiran mutum, da wurin rubuta gajerun bayanai. Zan kafa hujja da abin da ya faru ga allunan kamfanin Nokia na ƙasar Finlan, domin labarinsu ya fito da matsalar ƙarara.

Asalin Abin

Tun kafin zuwan kwamfuta ma'aikata da 'yan kasuwa ke yawo da ɗan littafin aljihu mai ɗauke da ranaku da sunaye. A Ingila an fara sayar da irin wannan littafi mai suna Filofax a 1921. A 1984 kamfanin Psion, shi ma na Ingila, ya fito da wata 'yar na'ura mai ajiye irin waɗannan bayanai, sa'an nan kamfanin Apple na Amurka ya biyo da Newton a 1993. Amma wadda ta karɓu sosai ga jama'a ita ce Pilot ta kamfanin Palm, wadda ta shigo kasuwa a 1996.

Dalilin karɓuwarta ba boyayye ba ne. A gabanta akwai maɓallai huɗu, kowanne da aikinsa: na kalanda, na adireshi, na jerin ayyuka, da na rubuta bayani. Da zarar mutum ya danna ɗaya, sai abin da yake nema ya bayyana nan take. Tana kuma da wani ɗan mazauni da ake haɗawa da kwamfutar tebur, in aka ɗora ta aka danna maɓalli guda, sai bayanan da ke cikin na'urorin biyu su daidaita. Wanda ya ƙago ta, Jeff Hawkins, sai da ya sassaƙa guntun katako daidai girman aljihun riga ya riƙa yawo da shi, yana kwaikwayon rubuta alkawari a kansa, don ya gano abin da mai amfani zai buƙata da wanda ba zai buƙata ba. Wato dai tun ran gini aka yi zane.

Abin da Ya Faru ga Allunan Nokia

A 2005 kamfanin Nokia ya fito da na'urar da ya kira 770, wadda ya yi wa laƙabi da allon intanet. Faɗin fuskarta ya ɗan haura inci 4, tana shiga intanet ta hanyar Wi-Fi ko ta jona ta da wayar salula ta Bluetooth, kuma tana aiki da tsarin Maemo wanda aka gina a kan Linux. An sa mata manhajar leƙa shafukan intanet, da ta wasiƙu, da ta sauraren rediyo, da ta kallon hotuna, har da wasanni. Akwai ɗan wurin rubutu, amma babu kalanda, babu jerin ayyuka. A 2007 aka fito da N800 da N810, aka ƙara kyamara, aka ƙara wa ta biyun maɓallan rubutu da na'urar gano wuri, amma wancan giɓi yana nan bai gushe ba.

Ba rashin ƙarfin na'ura ne ya kawo haka ba. Pilot ta farko ma'adanarta kilobayit 128 ce kacal, ita kuwa 770 ma'adanar aikinta megabayit 64 ce, wato ninki 512 ke nan. Ashe ƙaramar ta san ranar da maigidanta zai ga likita, babbar kuwa ba ta sani ba. Zaɓi ne kamfanin ya yi, domin ya ɗauki allon a matsayin tagar leƙa intanet kuma abokin tafiyar waya.

Su kuwa masu saye ba su yarda da wannan rabo ba. Wasu 'yan sa-kai masana kwamfuta suka ɗauko manhajojin GPE, masu kalanda da adireshi da jerin ayyuka, suka gyara su don su yi aiki a Maemo. A ƙarshen 2007 kamfanin Access na Japan, wanda ya mallaki tsarin Palm a lokacin, ya fito da Garnet VM, manhajar da ke sa allon Nokia ya kwaikwayi na'urar Palm. Mai karatu ya duba wannan abin mamaki: mutum ya sayi sabuwar na'ura, sa'an nan ya sa ta ta yi shigar tsohuwa don ta iya riƙe masa ranaku. Lalle da tsohuwar zuma ake magani. Sai a 2009, da aka fito da N900 wadda waya ce sosai, kalanda mai jerin ayyuka ta zo a cikin kwali. Da Apple ya fito da iPad a 2010, ya zo da kalanda da adireshi da wurin rubutu tun ranar farko, aka ƙara masa manhajar tunatarwa a 2011.

Hujjojin Masu Ganin Ba a Buƙata

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Hujjarsu ta farko ita ce, tun da mutum yana da waya mai kalanda, maimaita ta a allo ɓata wuri ne. Amsa a nan ita ce, alkawari yakan iske mutum ne a inda yake karatu. Idan a allo ɗalibi ya karanta sanarwar cewa an ɗage jarrabawa daga Litinin zuwa Alhamis, to a nan ya kamata ya rubuta, kafin wani abu ya ɗauke masa hankali. Duk tazarar da aka sa tsakanin ganin sanarwa da rubuta ta, ƙofa ce aka buɗe wa mantuwa. Abin da ake so shi ne na'urorin biyu su riƙa daidaita bayanansu, yadda Palm ta nuna tun 1996.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Sukan ce na'urar intanet ce, a intanet kuwa akwai kalanda kyauta, kamar ta Google wadda aka buɗe a 2006. Wannan gaskiya ne, sai dai kalandar da ke zaune a shafin intanet kaɗai ba ta da amfani a inda sadarwa ta yanke. Mu da muke zaune inda kuɗin data kan ƙare a tsakiyar wata, sadarwa kuma ta ɗauke ba sallama, mun fi kowa sanin haka. Ƙararrawar da za ta tuna wa mutum lacca da ƙarfe 8 na safe dole ta kasance a cikin na'urar kanta, ta buga ko da sadarwa ko babu.

Bugu da ƙari, kayan aro ba ya rufe katara. Kamfanin Microsoft ya sayi manhajar kalanda mai suna Sunrise a 2015 ya rufe ta a 2016. A wannan shekara ta 2015 ya sayi Wunderlist, mai riƙe jerin ayyuka, ita ma ya rufe ta a 2020. An ba masu amfani da su damar kwashe kayansu, amma dai tashi ne ba da son ransu ba. Wanda ya tara adireshin mutanensa na shekara da shekaru a rumbun wani, ya san cewa mabuɗin ba a hannunsa yake ba.

Hujja ta uku ita ce, a bar kowa ya sauko da manhajar da yake so daga kasuwar manhajoji. Zaɓi abu ne mai kyau, ban musa ba. Amma manhajar da aka gina tare da na'ura ita ce ke iya magana da sauran sassanta, ta ɗauki rana daga cikin wasiƙa ta sa a kalanda, ta ɗauki suna daga littafin adireshi ta haɗa da taro, ta kuma tayar da na'ura daga barci in lokaci ya yi. Wannan ne 'yan sa-kai ke shan wahalar cimmawa in kamfani bai share musu hanya ba. Kuma ba kowane mai saye ne ya san abin da zai nema ba, balle ya bambance mai kyau da mai satar bayanai.

Siffofin Manhajar da Ta Dace

A ganina, sharuɗɗa huɗu ne ya kamata mai saye ya duba. Na farko, ta yi aiki cikakke ba tare da intanet ba, ta jira sadarwa ta dawo kafin ta daidaita bayanai. Na biyu, ta zama mai saurin buɗewa, domin in rubuta alkawari a allo ya fi rubuta shi a takarda jan lokaci, takarda za a koma wa. Na uku, ta bar mai ita ya fitar da bayanansa ta tsarin da kowace manhaja ke ganewa, irin su vCard na adireshi da iCalendar na ranaku, wanda aka tsayar a 1998. Na huɗu, kada ta tilasta wa mutum miƙa sunaye da lambobin mutanensa ga kamfani kafin ta yi masa aiki, domin waɗannan amana ce a hannunsa.

Kammalawa

Allunan da ke kasuwa a yau galibi suna zuwa da kalanda, saboda haka wani zai ce magana ta wuce. Ba ta wuce ba, domin samun kalanda daban, cika waɗancan sharuɗɗa daban. Kuma akwai manhajoji da yawa a kan allon da aka ƙera su musamman don su riƙe idon mutum muddin za su iya, ga bidiyo na bin bidiyo, ga saƙo na bin saƙo. A cikin wannan hayaniya, manhajar tsara al'amura ce ke cewa ɗalibi ya ajiye allo ya tafi aji, ko ya tuna masa cewa saura kwana 3 ya miƙa aikin jinga. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da duk wata makaranta da ke shirin saya wa ɗalibanta irin waɗannan alluna, kafin a tambayi kyan kyamara, a kashe intanet ɗin na'urar, a sa mata alkawari na bayan minti 5, a kulle ta a jira. In ta yi ƙara a kan lokaci, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. In ta yi shiru, a mayar wa mai kanti kayansa, domin alkawari kaya ne, kuma kyansa cikawa.