Rabi naka, rabi nawa

Turin babban birni ne a arewacin ƙasar Italiya. Wajen shekara ta 1840, yaran ƙauye suna ta kwarara cikinsa neman aiki, kamar yadda samari ke tafiya cin rani bayan girbi. Wasu suna ɗaukar tubali wurin magina. Wasu suna share bututun hayaƙi na gidaje. Da yawansu ba su da wurin kwana. Wanda yunwa ta sa ya yi sata, sai gidan kaso.

A birnin akwai wani limamin Kirista da ake kira Don Bosko. An haife shi a 1815, ɗan manoma ne. Yana da shekara 2 ubansa ya rasu. Ya yi kiwon shanu, ya yi barantaka a gonar wasu kafin ya samu ya yi karatu. Saboda haka ya san zafin maraici. Da ya zama limami a 1841, sai ya maida hankalinsa ga yaran nan. Yana tara su, yana koya musu karatu da addini, yana nema musu aiki. A 1846 ya samu wata rumfa a unguwar Baldoko, nan ya kafa gidansa.

Cikin yaran da ke zuwa wurinsa akwai Mikele Rua. An haife shi a 1837. Ubansa ma'aikaci ne a gidan ƙera bindigogi na gwamnati. Ya rasu a 1845, Mikele yana da shekara 8.

Wata rana Don Bosko yana raba wa yara ƴan kyaututtuka. Mikele ya miƙa hannu. Maimakon ya ba shi wani abu, sai limamin ya buɗe tafin hannunsa na hagu, ya sa na dama kamar zai yanka shi gida biyu, ya ce ya karɓa. Yaro ya duba, bai ga kome ba. Ya tafi yana mamaki.

Da Mikele ya gama ƙaramar makaranta, niyyarsa ya shiga aikin da ubansa ya yi, don ya taimaki uwarsa. Don Bosko ya ga yaron yana da ƙwaƙwalwa. Ya tambaye shi ko yana son ya ci gaba da karatu. Amma maganar ba ta tsaya tsakaninsu su biyu ba. Sai da uwar ta ji, ta yarda. A 1852, yana da shekara 15, Mikele ya koma gidan Baldoko da zama. A shekarar nan ce ya tambayi malaminsa ma'anar abin da ya yi masa da hannu. Don Bosko ya gaya masa cewa su biyu za su raba kome daidai, rabi da rabi.

Abin da za a raba ɗin ba dukiya ba ce, don gidan ba ya rabuwa da bashi. Aiki ne da wahala.

Aikin kuwa yana da yawa. In Don Bosko ya kai yaro koyon sana'a, sai an rubuta takarda, kowa ya sa hannu. Takardar tana cewa mai gida ya koya wa yaro sana'ar, kada ya maida shi bara, kada ya buge shi, ya bar shi ya huta ranar hutu, ya biya shi ladansa. Daga 1853 kuma ya fara buɗe wuraren koyon sana'a a cikin gida: ɗinkin takalma da ɗinkin tufafi, daga baya sassaƙa da ƙira da buga littattafai. Mikele, tun yana ɗalibi, shi ke duba ƙanana yana koya musu.

A 1854 annobar kwalara, wato amai da zawo, ta faɗa wa Turin. Mutane suna gudun majinyata. Don Bosko ya nemi waɗanda za su yi jinya cikin manyan yaransa. Mikele yana cikin waɗanda suka fito, yana da shekara 17.

Uwar Don Bosko, Margarita, ita ce ke dafa wa yaran abinci, tana ɗinke musu tsummoki. Ta yi shekara 10 tana wannan aiki. Da ta rasu a 1856, sai uwar Mikele ta zo ta kama aikin. Zumuncin malami da ɗalibi ya zama na gida biyu.

Mikele ya zama limami a 1860. Bayan shekara 3, Don Bosko ya aike shi garin Mirabelo ya shugabanci sabuwar makaranta. Shekararsa 26 kawai. Malamin bai ce ya yi ƙanƙanta ba. Ya rubuta masa takardar shawarwari, babba a cikinsu ita ce ya yi ƙoƙari yara su so shi kafin su ji tsoronsa. A 1865 ya kira shi ya dawo Turin. Daga nan lissafin kuɗi, da biyan bashi, da kula da tsarin gida duk suka koma wuyansa. Aiki ne da ba a yabon mai yinsa. Mikele ya riƙe shi fiye da shekara 20, bai nemi suna ba.

Ran 31 ga Janairu 1888, da asuba, Don Bosko yana kwance, ajali ya matso. Almajiransa sun kewaye shi, suna son ya sa musu albarka, amma ba ya iya ɗaga hannu. Mikele ya kama hannun dama na malaminsa, ya ɗaga shi, ya faɗi kalmomin a madadinsa. Hannun nan ne da ya yi masa alamar rabo fiye da shekara 40 da suka wuce.

Wasu manya a Roma sun yi tsoron aikin zai watse bayan mai shi. Bai watse ba. Mikele ya gaji malaminsa, ya riƙe ƙungiyar shekara 22. Ya tarar da mutanenta ba su kai 800 ba. Da ya rasu ran 6 ga Afrilu 1910, sun kai wajen 4,000, da makarantu a ƙasashe da yawa.

Jama'a, riƙon yaro ba ya tsayawa ga ba shi tuwo da aike. Don Bosko ya ɗauki maraya da sanin uwarsa, ya koya masa a fili, ya ɗora masa kaya tun da sauran ƙarfinsa. Manomi ko makiyayi da ke da yaro a hannu, nasa ko na wani, ya nuna masa yadda ake zaɓen iri da yadda ake gane dabba marar lafiya, ya bar masa wani yanki ya riƙe da kansa. Ran da ƙarfi ya ƙare, gona da garke ba za su rasa mai riƙe su ba.