Ƙaramin Ɓarawo a Wasan Kwaikwayon Talabijin da Abin da Birnin Gwari Ta Sani Game da Shi

Duk wasan kwaikwayon talabijin da ya daɗe ana nuna shi, da wuya a rasa wani ɗan taliki a cikinsa wanda ba shi da sana'ar da ta wuce 'yar sata da 'yar damfara. Shi ne mai zare waya daga aljihun matafiyi a tasha, shi ne mai kwance akuyar maƙwabta da asuba ya kai wa mahauci, shi ne kuma mai cin bashin mai shayi ya sake hanya. Masu kallo suna zaginsa, amma in mako ya wuce bai fito ba sai su ce wasan ya yi lami.

Wannan mutum ba baƙo ba ne a adabin Hausa. Kakansa shi ne Gizo na tatsuniya, baffansa kuwa Malam Zurƙe na littafin Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya wallafa a 1934. Sai dai akwai bambanci guda wanda manazarta ba su cika kula da shi ba. Tatsuniya tana ƙarewa, littafi ma yana da shafin ƙarshe. Wasa irin Daɗin Kowa, wanda tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2015, an gina shi ne domin ya yi ta tafiya. Saboda haka marubucin irin wannan wasa yana bukatar ɓarawonsa mako mai zuwa. Ba zai ɗaure shi shekara biyar ba, ba zai kashe shi ba, ba zai bar shi ya tuba tuban gaskiya ba. Abin da ya fi muhimmanci, ba zai bar shi ya girma ba. Ɗan sandan wasa ya kama shi yau, gobe a yi belinsa, jibi ya koma bakin tasha. Ba da niyya ba, watau, wasan yana koya wa mai kallo cewa ƙaramar sata kamar rijiya take, tana nan inda aka haƙa ta, ba ta zuwa ko'ina.

Mutumin Birnin Gwari, wanda shi ma yana kallon waɗannan wasanni, ya san ba haka abin yake ba. Ƙasarsa ta yi iyaka da jihohin Neja, Zamfara da Katsina, dajin Kamuku kuma, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, ya haɗe da na Kuyambana. A cikin wannan daji ne ɓarayin shanu suka rikiɗa suka zama 'yan bindiga. A watan Oktoba na 2012 an kashe mutum wajen 20 a Dogon Dawa, yawancinsu masallatan asuba. A watan Mayu na 2018 an kashe sama da 40 a Gwaska. Shekara da shekaru direbobi suka yi suna jiran rakiyar soja kafin su bi hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari.

To, wanda ke daji ba ya sanin wane manomi ne ya sayar da buhunan masara ranar kasuwa, ko wane gida ne ɗansu ya aiko da kuɗi daga Legas, sai an faɗa masa. Babur ɗinsa ba ya shan ruwan rafi, sai an kai masa fetur. Burodi, katin waya da ƙwaya duk daga gari suke fita. Wa ke kai su? Sau da yawa shi ne yaron nan da unguwa ta sani da ɗauke-ɗauke, wanda aka saba yi wa dariya, wanda yanzu ake kira infoma cikin raɗa. Gwamnatin Kaduna da kanta ta nuna ta gane haka a shekarar 2021, lokacin da ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe kasuwannin mako a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, daga baya kuma aka katse layukan waya. Lalle waɗannan matakai sun ƙuntata wa talaka, amma wanda aka nufa da su shi ne mai kai saƙo tsakanin gari da daji.

Ba za a ce kowane ɗan bindiga daga yankan aljihu ya fara ba. Rikicin makiyaya da manoma, zaluncin wasu alƙalai da 'yan sa-kai, haƙar zinariya da arhar bindiga, duk suna da nasu kaso, kuma sun fi satar akuya nauyi nesa ba kusa ba. Haka nan ba za a zargi Daɗin Kowa da rufe ido ba, domin ya taɓo shaye-shaye da almajirci da yadda ake yaudarar matasa. Abin da ake nema ga marubuta shi ne kada su cire ɓarawon, kada kuma su tura masa malami ya yi masa wa'azi ya fashe da kuka a fitowa ɗaya (wannan ita ce hanyar rago, kuma an gaji da ita). Su bi shi kawai. Su nuna wa ya sayi akuyar, wa ya ba shi lambar waya, nawa aka biya shi a karon farko, da yadda ya yi ranar da aka ɗauke mutumin da ya nuna, alhali mutumin ya taɓa ba shi tuwo. In an ce raha za ta ragu, ai Imam bai rasa ban dariya ba don ya nuna Zurƙe yana shan wuya.

A watan Nuwamba na 2024, bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla da wasu 'yan bindiga, an sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari wadda ta yi shekaru a rufe. Irin wannan kasuwa takan haɗa wanda ya biya kuɗin fansa, da wanda ya karɓa, da wanda ya nuna gidan, kowa ya san kowa, ana gaisawa ana ciniki. Marubucin da ya kai ɓarawonsa can, ya zaunar da shi a bencin mai shayi kusa da tsohon da ya sayar, ya sami abin rubutawa na makonni.